Me ya sa sunan Hakeem Olajuwon bai kai na Jordan ba?

Tambaya: Malam, mun yi gardama da yayana. Ya ce da Hakeem Olajuwon gwani ne na gaske a ƙwallon kwando, da duniya ta san shi kamar Michael Jordan. Ni na ce ba a yi masa adalci ba ne. Wa ke da gaskiya?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, ka gaida yayanka, ka ce masa a wannan gardamar ina bayanka. Jordan ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau shida, Hakeem biyu, wannan ba a musu. Amma a 1984, da ƙungiyoyi suka zo zaɓen sababbin 'yan wasa, Hakeem aka fara ɗauka, Jordan na uku. Yaron da aka haifa a Legas a 1963, wanda gola yake tsarewa kafin ya taɓa ƙwallon kwando yana ɗan shekara 15! Har yau babu wanda ya kamo shi a tare ƙwallo kafin ta faɗa kwando: sau 3,830.

Masu rage masa daraja kan ce ai Jordan ba ya nan ne lokacin da ya ci kofunansa. A 1994 haka ne, ya tafi wani wasan. Amma a 1995 ya dawo, Orlando Magic ta Shaquille O'Neal ta fitar da ƙungiyarsa, sannan Hakeem da Houston Rockets suka lallasa Orlandon wasa huɗu a jere.

Abin da ya fi damuna namu ne na gida. Ran 21 ga Yunin 1994 Rashidi Yekini ya jefa wa Bulgeriya ƙwallo a gasar cin kofin duniya a Dallas, ya riƙe raga yana ihu, ƙasa duka ta ɗauka. Washegari, a jihar Texas ɗin dai, Hakeem ya ɗaga kofinsa na farko a Houston. A majalisarmu ban ji wanda ya ambace shi ba, har da ni. A gasar Olympics ta Atlanta ma a 1996 ya samu zinare, amma da rigar Amurka, mu kuwa hankalinmu na kan su Kanu.

Sai batun talla. Kamfanin Nike ya kai sunan Jordan har tsibin gwanjon Ƙofar Wambai. Hakeem takalmin dala 35 ya sa wa sunansa, don kada iyaye talakawa su kasa saya wa 'ya'yansu.

Ka kuma gaya wa yayanka wannan: watan Fabrairun 1995 ya zo cikin Ramadan, Hakeem na azumi yana buga wasa, kuma shi NBA ta zaɓa gwarzon watan. Ya kuma sayi tsohon ginin banki a tsakiyar Houston, daga baya ya mai da shi masallaci.