Amsa ga 'yar uwar da ta ce jarinta ya ƙi gaba

Wa'alaikumussalam. 'Yar uwa da kika ce shekara biyu kenan kina saida atamfa da leshi a cikin gida da jarin dubu ɗari biyu amma har yau kina nan inda kike, kina neman yadda sana'ar za ta bunƙasa da wuri, na ga an ce maki ki dage da addu'a ki riƙa sa kaya a status, duk gaskiya ne, amma bari in ba ki nawa don wlh kamar labarina kika rubuta.

Ni ma da atamfa na fara a 2018, nan Kofar Kaura nake a Katsina, in shiga mota in je Kantin Kwari a Kano in saro in dawo ina ta murna ai kowane turmi akwai riba mai kauri a kai. Abin da ban gane ba shi ne atamfa ba kullum ake sayenta ba, sai sallah ta matso ko an fidda anko, sauran watannin tana nan jibge a akwati tana kallona ina kallonta. Wadda ma ta fita rabi bashi ne, "Maman Khalifa ki ba ni sai albashi ya shigo", albashin ya shigo ya fita ban ga kowa ba.

Yayan maigidana yana da shago a babbar kasuwa, rannan ina mashi ƙorafi sai ya ce Hajiya bar maganar riba tukuna, kuɗin nan naki sau nawa suke fita su dawo hannunki a wata? Na yi shiru. Ya ce ɗauki dubu ɗari, in kin zuba a kayan da za ki ci dubu ashirin amma sai sun yi wata biyu kafin su ƙare, a wata dubu goma kika samu. In kuma kin zuba a kayan da dubu biyar kacal za ki ci amma duk sati sai sun ƙare kin sake sarowa, a wata dubu ashirin ce, kuma kuɗinki kullum suna kusa da ke. Aradu ranar na kasa barci, shekara nawa ina kasuwanci ban taɓa yin wannan lissafin ba.

Ban bar atamfa baki ɗaya ba, amma na daina ajiye ta, sai an yi oda an ba da rabin kuɗi nake sarowa. Sauran jarin na maida shi omo, sabulu, magi, taliya, sikari, da man gyaɗa da nake ƙullawa ƙanana. Wasu ƙawaye har dariya suka yi mani wai na sauko daga mai leshi na koma mai ƙulle-ƙulle. To yaran unguwa tun bakwai na safe suke sallama, kafin azahar na haɗa cinikin da da sai in yi kwana huɗu ban gani ba. Gyaɗa kuwa ranar Lahadi nake aikawa kasuwar Charanci a auno mani, a kai inji, mai daban ƙuli-ƙuli daban, babu abin da ake zubarwa.

Sari kuma ki daina zuwa ke kaɗai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota zuwa Kano da dawowa kaɗai sai ya cinye ribar ƙaramin jari. Mu huɗu muke haɗa kuɗi, muna da wanda muka saba da shi a kasuwar Singa ta Kano, mu tura mashi ya haɗa kayan ya ba direba, mu amsa a tasha mu raba. Farashin mai sarin katan ashirin ai ba ɗaya yake da na mai katan uku ba.

Yanzu maganar bashi, nan ne zan daɗe don shi ya kusa kashe ni. Da na zauna na rubuta duk waɗanda nake bi sai na ishe kusan rabin jarina yana hannun mutane, kuma ba baƙi ba, dangin miji ne da maƙwabta da ƙawayen islamiyya, waɗanda in kin tambaya a ce kin cika son kuɗi. Akwai wadda ta amshi leshi biyu ta yi bikin ƙanwarta, har yau in mun haɗu a suna sai ta fara ba ni labarin rashin lafiyar surukarta. Na yafe mata don in huta. Daga nan na sa doka, wanda bai biya na baya ba ba ya ɗaukar sabo, kuma komai sai an rubuta a littafi a gabanshi da kwanan wata. An yi fushi da ni na wata biyu, daga baya duk suka dawo da kuɗi a hannu, ashe dama suna da shi.

Sai cin uwar kuɗi. Maigida ya fita bai bar na cefane ba ki ɗiba, yaro ya zo kuɗin makaranta ki ɗiba, gudunmawar biki ki ɗiba, ki ce za ki maida, ba a maidawa. Ni yanka ma kaina albashi na yi duk Juma'a, in ya ƙare ya ƙare, ko maigidan ya ranta sai na rubuta, yana dariya yana biya. Ki buɗe asusu daban na sana'a kawai. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 masu amsar tiransifa su suka yi ciniki, amma dan Allah kar ki saki kaya sai kin ga kuɗi sun shiga da idonki, an taɓa nuna mani alat na ƙarya aka tafi da katan biyu na taliya.

Wani abu da ke karya mutane ba su sani ba, saida kaya a kan farashin da aka saro. Kaya na tashi kullum, ki saida katan goma ki ga kamar kin ci riba, ki koma sari kuɗin su sayo maki tara. Kafin ki sa farashi ki buga waya ki ji nawa ake sari yau.

Adashi yana da amfani in kin tsara kwasarki ta faɗo wata guda kafin azumi ki zuba a sikari da gero, ba a gado da labule ba. Bashin nan na manhajar waya kuwa ko kusa kar ki je, ga ruwa ga tozarci. Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, ki bari sai kin fara neman kai kaya makarantu ko shaguna. Talla ki ci gaba da yi, ki sa farashi a jikin hoton ki daina cewa a biyo ki ta inbos, ki samu mai kurkura ɗaya amintacce mai kai saƙo.

Daren yau ki fiddo duk kayan da suka rage ki ƙirga, ki rubuta wanda ya wuce wata uku bai fita ba, ki rubuta kuɗin da ke hannun mutane, ki dawo nan ki faɗa mana nawa ne kowanne, sai mu ga wanda za ki karyar ki fidda kuɗinki tun kafin sallah.