Tambaya da Amsa: Solar da ake biya duk wata, saye ne ko haya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Gusau, rashin wuta ya sa nake son haɗa sola a gida da shago. Wakilin wani kamfani ya kawo mini takarda shafi shida, duk da Turanci. Ya ce in ba da kafin alƙalami, sauran in riƙa biya duk wata har shekara biyu, kuma in na yi jinkiri na'urar za ta kulle kanta. Me doka ta ce a kan irin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sa hannu tukuna. Fara tambayarsa: ranar da ka biya kuɗin wata na 24, farantan da batir da inbata na wane ne? Idan saye ne da biya a hankali, kayan za su zama naka. Idan haya ce, ko ka shekara goma kana biya, nasu ne. Wannan magana dole ta fito ƙarara a takarda, tare da jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ba kuɗin wata kaɗai ba.

Batun Turanci kuwa, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta wajabta a ba mai saye bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta, kuma ta hana sharuɗɗan zalunci a yarjejeniya. Ka nemi a karanta maka ita da Hausa, sakin layi bayan sakin layi, a gaban wanda ka amince da shi. Haka ma ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, ta yi umarni: a rubuta, a kafa shaidu.

Inda na fi jin tsoro shi ne batir. Farantai suna daɗewa, amma batirin da ke kwana yana jan keken ɗinki da fanka a zafin watan Afrilu shi ne zai fara gajiya. Ka tabbatar an rubuta garanti na wata nawa ne, wa zai sauya shi, kuma ko za ka ci gaba da biya a kwanakin da na'urar ta lalace. Haka nan kwana nawa za su ɗaga maka kafin su kulle, da abin da zai faru da kuɗin da ka riga ka biya in suka zo suka kwance kayan.

Kada ka dogara da Dokar Haya da Saye ta 1965. In ban da motoci, kayan da ba su wuce naira 2,000 ba kawai ta shafa.

Ka ajiye kwafin da suka sa wa hannu, da kowane rasit da saƙon banki. In rikici ya taso, da su za ka kai ƙorafi hukumar FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye.