An kama ƙanena da tuƙi cikin maye a Kumasi, me zai biyo baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena direban tasi ne. 'Yan sandan MTTD, masu kula da zirga-zirgar motoci, sun tare shi daren Juma'a wajen Sofoline bayan ya gogi wata mota, suka sa ya hura na'urar gwajin barasa, suka ce a buge yake. Ba wanda ya ji rauni. Yana tsare, wani kuma ya ce mu kawo kuɗi a kashe maganar. Me za mu yi? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ba kowa ko sisi. Belin 'yan sanda kyauta ne, mai tsaya masa kawai ake nema, ya zo da katin Gana da adireshin da za a same shi. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce cikin awa 48 a kai wanda aka kama kotu ko a sake shi, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin. Don haka "sai Litinin" ba hujja ba ce.

Za a tuhume shi ne da Dokar Hanya ta 2004, wato Act 683. Ma'aunin da ta kafa a 2004 shi ne maikirogiram 35 na barasa a mililita 100 na numfashi, ko miligiram 80 a mililita 100 na jini. Lambar da na'urar ta nuna ita ce ƙashin bayan shari'ar, saboda haka ku nemi sanin lambar, da lokacin da aka tare shi, da lokacin da aka auna. Da a ce ya ƙi hurawa ba tare da uzuri ba, da wannan ma laifi ne mai zaman kansa.

Inda mutane suka fi cutar kansu shi ne wajen rubuta bayani a ofishin 'yan sanda. Mai bincike zai rubuta da Turanci, ya ce a sa hannu ko a dangwala. Ƙanenki yana da ikon ya ce sai lauyansa ya zo, yana da ikon a karanta masa da yaren da yake ji, kuma idan bayanin ya ƙunshi amsa laifi dole a yi shi gaban shaida mai zaman kansa. Irin "kwalba biyu kacal na sha" da direbobi ke faɗa don neman sassauci, ita ce mai gabatar da ƙara zai karanta wa alƙali.

Tunda ba rauni, galibi ƙaramar kotun gunduma za a kai shi, ɗan sanda ne kuma zai gabatar da ƙarar. Za a karanta tuhuma, a tambaye shi ya amsa ko bai amsa ba. Ya nemi tafinta idan Turancinsa bai kai ba, kyauta ne. In ya amsa, ana iya yanke hukunci a ranar: tara, ko ɗauri, ko duka biyun, kuma kotu na iya hana shi tuƙi na wani lokaci. Ga ɗan tasi wannan ya fi tarar ciwo. Ana lissafa tara da "penalty unit", kowane ɗaya sidi 12, a biya a ma'ajin kotu a karɓi rasit. Wanda ya kasa biya gidan yari zai tafi. In bai amsa ba, a ba shi belin kotu, a miƙa masa takardun shaidar da za a kafa a kansa, a sa rana. Idan ya tsallake zama ɗaya, sammacin kamu zai fito, mai tsaya masa kuma ya shiga uku.

A ganina, idan lambar ta wuce ma'auni sosai kuma wannan ne karonsa na farko, amsa laifi da wuri tare da roƙon sassauci ta bakin lauya ya fi jan shari'a wata da watanni. Gyara wa mai ɗaya motar yana taimakawa wajen roƙon, amma ba ya soke tuhumar, domin ƙarar ta gwamnati ce. Da an rasa rai, da lamarin ya sha bamban, fayil ɗin sai ya je ofishin Antoni Janar tukuna.

Idan babu kuɗin lauya, ki je ofishin Legal Aid Commission na Kumasi, wato hukumar da ke taimaka wa marasa hali da lauya, da takardar tuhumar da ta belin kafin ranar zaman farko.