Hawan tudu da motar haya: amsa ga yaron gareji

Ɗana, ka tambaye ni ko za ka iya shiga tseren hawan tudu na 'yan sha'awa da motar Volkswagen Golf GTI ɗin da ka karɓa haya daga kamfani na tsawon shekara uku, kuma ka nemi in gaya maka abin da za mu canja a jikinta kafin kakar bana ta buɗe. Na ga ya fi dacewa in ba ka amsa a rubuce, domin maganar tana da rassa, kuma hayaniyar gareji ba za ta bar mu mu bi ta daki-daki ba. Sha'awar taka ta faranta mini rai, don babu inda bakanike yake gane halin mota kamar a kan tudu. Amma game da wannan motar amsata a'a ce, sai fa idan masu ita sun yarje maka a rubuce, kuma da wuya su yarje.

Ka fara sanin yadda wasan yake a nan Ingila, saboda na lura yawancin bidiyon da kake kallo na Pikes Peak ne a Amurka, inda ake hawan kusan kilomita 20 mai kwana 156 har a ƙare a tsayin da ya haura mita 4,300. Namu gajeru ne ƙwarai. Shelsley Walsh da ke Worcestershire, wanda ake tsere a kansa tun 1905, tsawonsa mita 914 ne kacal, kuma a wasu wurare faɗin kwaltarsa bai kai mita 4 ba. Prescott da ke Gloucestershire kilomita ɗaya ne da ɗan ɗori, shi kuwa Harewood na kusa da Leeds bai cika kilomita ɗaya da rabi ba. Mota ɗaya ake saki a lokaci guda, agogo ne abokin karawarka, kuma a ranar gasa yawanci hawa biyu ake yi na gwaji da safe, sannan biyu na lissafi da rana. Sean Gould ya haye Shelsley cikin daƙiƙa 22.37 a 2021, amma da motar tsere mai kujera ɗaya da aka ƙera don wannan aiki kaɗai. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a irin waɗannan hanyoyi babu filin da mota za ta zame ta tsaya da kanta. Gefen kwalta gaɓar ƙasa ce, ko shingen ƙarfe, ko tarin tayoyi, ko bishiya, saboda haka kuskuren da zai wuce salin-alin a faffaɗan filin tsere, a kan tudu sai ya kai ka wurin mai gyaran bodi.

Motar nan ba taka ba ce. Abin da kake biya duk wata kuɗin amfani ne da ita zuwa wani wa'adi da wani adadin tafiya, bayan haka ka mayar wa masu ita. Ka ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu ka karanta sashen da ya yi magana a kan yadda aka yarda a yi amfani da motar. A irin waɗannan takardu an saba hana tsere, da gwajin gudu, da duk wata gasar da ake auna lokaci, an kuma hana canja wani abu a jikin mota ba da izini ba. Ranar mayarwa mai dubawa zai zagaya ta da ƙa'idojin ƙungiyar kamfanonin haya ta BVRLA, waɗanda suka bambanta tsufan da amfani na yau da kullum yake kawowa da ɓarnar da mai haya zai biya daga aljihunsa. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Ni kuma ina ƙara maka da cewa amana ce a hannunka, kuma wanda yake koyon sana'ar da mutane za su riƙa ajiye masa makullin motocinsu su tafi, bai kamata ya fara rayuwarsa ta sana'a da karya sharaɗin da ya amince da shi ba.

Batun inshora ya fi wannan nauyi, kuma a nan matasa suka fi faɗawa rami. Inshorar da kake yawo da ita a kan titi ta cire tsere da gasar auna lokaci ƙarara, don haka da zarar ka tsaya a layin tashi babu ruwanta da kai. Kariyar da masu shirya gasa suke da ita a ƙarƙashin izinin Motorsport UK, hukumar da take kula da wasannin tseren mota a Birtaniya, ta shafi haƙƙin wasu mutanen da abin zai iya shafa ne, ba ta gyara maka mota. Idan ka daki shinge har motar ta tashi daga aiki, kamfanin haya zai bi ka cikakken bashinta, ga shi ba ka da abin hawa zuwa gareji, ga albashin ɗan koyo. Akwai kamfanonin da suke sayar da inshora ta musamman ta ranar gasa, amma kason farko na asara da suke barin wa direba yana da yawa, kuma za su tambayi ko wane ne mai motar. Ina kuma gargaɗinka tun yanzu a kan wata shawara da za ka iya ji a bakin abokai, wato a jawo motar da ta lalace a kan tudu a ajiye ta a bakin titi a ce a nan hatsarin ya faru. Wannan zamba ce, ana gurfanar da mutum a kotu a kanta, kuma ba za a taɓa yin ta da hannuna ko da kayan aikin garejina ba.

Kada ka ɗauka abin zai ɓoyu. Ana wallafa sakamakon kowace gasa a intanet da sunan direba da samfurin motarsa, masu ɗaukar hoto kuma suna tsaye a kwanoni. Ita kanta motar tana ba da shaida: kafaɗar tayoyin gaba takan cinye ta wata siga da tuƙin gari ba ya haifarwa, ƙwaƙwalwar mota kuma tana ajiye bayanai da dama a kan yadda aka bi da injin. Idan kuwa ka bari aka taɓa manhajar injin don a ƙara masa ƙarfi, kamar yadda ka ambata, na'urar dillalin Volkswagen takan gano ta sa wa motar alamar da ake kira TD1, daga nan garantin injin da giyabos ya shiga matsala ko da an mayar da manhajar yadda take.

Ko da a ce an ba ka izini, Golf ɗin ba za ta yi maka abin da kake tsammani ba. A ƙa'idar wannan wasa, ana raba motoci aji-aji bisa girman injinsu, kuma injin da yake da turbo, wato na'urar da take cusa masa ƙarin iska, ana ninka girmansa sau 1.4 kafin a sa shi a aji, saboda haka injinka mai lita 2 za a lissafa shi kamar mai lita 2.8, ka tsinci kanka a ajin da ya haura lita 2 tare da motoci masu ƙarfin da ya fi naka, wasunsu ma da ƙafa huɗu suke ja. Sannan ka yi tunanin abin da yake faruwa a wurin tashi. Motarka da tayoyin gaba take ja, kuma idan ka taka totur a kan hawa nauyin mota baya yake komawa, wato yana barin tayoyin da kake buƙatar su kama ƙasa. Sai su yi ta juyawa a banza, ko su shiga tsalle suna dukan kwalta, wannan tsallen kuwa shi yake cin robobin da suke riƙe da injin, ya gajiyar da sandunan da suke juya tayoyi, kuloci kuma yana shan nasa rabon a kowane tashi. A tudu da yawa ana auna lokacin da mota ta ɗauka kafin ta ci ƙafa 64 na farko, wato kimanin mita 19 da rabi. An zaɓi wannan tazara ne saboda motar da ta cinye ta cikin daƙiƙa 2 daidai ta tashi da ƙarfin da ya yi daidai da janyowar ƙasa, kuma idan ka duba allon sakamako za ka ga motoci masu jan gaba a baya suke a wannan awo, komai yawan dawakin da ke cikin injinsu. Wanda ya iya sakin kuloci a hankali yana ƙara totur gwargwadon yadda taya take kamawa yakan riga wanda ya danna ƙafa gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da nake so ka fahimta a matsayinka na bakanike, domin shi ya raba tudu da sauran tsere, wato komai a sanyaye ake yin sa. Kwanar farko za ta same ka da tayoyi masu sanyi da birki mai sanyi. Saboda haka takalmin birki na filin tsere, wanda ba ya kamawa sosai sai ya ɗauki zafi, cutar da kai zai yi a nan, takalmi mai kyau na titi ya fi shi amfani. Abin da ya kamata ka kula da shi man birki ne, domin yana shan danshi da daɗewa: sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa zai iya saukowa zuwa wajen 155. Ka sabunta shi, ka tabbatar baƙin mai yana kan alamar sama saboda yana gudu gefe guda a cikin kwana mai tsanani, ka ɗaure notocin taya da sifana mai awo, ka kuma riƙa rubuta iskar taya kafin kowane hawa da bayansa tare da lokacin da ka samu. Mota mai turbo tana tara zafi idan ta daɗe a layi tana jiran a kira ta, kuma idan ka kai saman tudu kada ka kashe injin nan take, ka bar mai ya zagaya ya sanyaya turbo ɗin.

Hanyar da nake ba ka shawara ka bi ba ta buƙatar ka shiga gasa da Golf ɗin, sai dai ta kai ka wurin ta dawo da kai. Ka fara da aikin sa-kai cikin masu tsaron hanya, waɗanda suke tsayawa a kwanoni da tuta da abin kashe gobara. Ba a biyan kuɗin shiga, kulob-kulob kullum suna neman mutane, kuma yini ɗaya a bakin kwana guda kana kallon inda gwanaye suke taka birki da inda sababbi suke takawa zai koya maka abin da bidiyo ba zai koya ba. Bayan haka ka je makarantar tuƙi ta yini ɗaya, irin wadda ake yi a Harewood da Prescott da Shelsley, amma ka sani ko ita sai ka nemi izinin kamfanin haya da na inshora a rubuce kafin ka shiga da motarsu. Sannan ka shiga kulob na masu tseren mota, ka nemi lasisin gasa na RS Interclub daga Motorsport UK, wanda ba a yi wa mutum jarrabawar tuƙi kafin a ba shi. Hular kwano kuwa ka saya sabuwa mai tambarin ingancin da littafin dokokin bana ya amince da shi, kada ka karɓi ta hannu wadda ba ka san ko ta taɓa faɗuwa ba. Rigar da ba ta kama wuta ma ka saye ta, ko da ajin da za ka shiga bai wajabta ta ba.

Motar gasa kuma ka nemi tsohuwa mai arha wadda asararta ba za ta durƙusar da kai ba, kuma tun da doka ta yarda direbobi biyu su yi gasa da mota ɗaya a rana guda, za ka iya haɗa kuɗi da ɗaya daga cikin abokan aikinka ku raba komai biyu. Ni Renault Clio 182 zan nuna maka, ta shekarun 2004 da 2005. Injinta lita 2 ne ba turbo, don haka tana zama a ajin da bai wuce lita 2 ba, nauyinta tan ɗaya ne da ɗan ɗori, kuma kayan gyaranta suna samuwa. Shirinta na zuwa gaban masu duba motoci da safiyar gasa ba shi da yawa: batir ya ɗauru gam, a naɗa wa wayarsa ta ƙasa, wato negetif, tef rawaya, a nuna inda ake kashe injin da inda ake ɗaura igiyar ja, salansa kada ta wuce ƙarar da aka ƙayyade, tayoyi su kasance cikin jerin da aka amince wa ajinka, a kuma kafa wani baƙin falle a tsaye a gaban bamba, mai tsawon kimanin santimita 25 da faɗin santimita 5, wanda shi ne yake yanke hasken agogo a wurin tashi da wurin ƙarewa. Wannan fallen da hannunka za ka yanka shi a gareji.

Idan kun samo wadda za ku saya, kada ku biya ko sisi sai na gan ta. Abu na farko da za ka tambayi mai ita shi ne takardar shaidar canjin bel ɗin injin, domin wannan injin yana buƙatar kayan kulle na musamman wajen saita shi, kuma wanda aka saita da ka yakan rasa ƙarfi ba tare da mai shi ya sani ba. Ka saurare shi bayan ya yi zafi, idan yana ƙara kamar injin dizal a tsaye to fulin da yake sarrafa lokacin bawul ya gaji, sai a rage kuɗinsa daga farashi. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka duba tsatsa da yoyon mai, ka gwada kowace giya a kan hanya. Ranar Asabar ka zo mini da yarjejeniyar hayar Golf ɗin da takardar inshorarka, mu karanta su tare, sannan mu rubuta wa kamfanin wasiƙar neman izinin zuwa makarantar tuƙi.