Amsa: Wa ke tilasta wa ƙasa bin hukuncin Kotun Duniya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai mai iya tilasta wa ƙasa ta bi hukuncin Kotun Duniya da ke Hague, wadda ke shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa, idan ta yi kunnen uwar shegu. A takarda akwai. Sashe na 94 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ƙasar da aka ƙi ba ta haƙƙinta ta kai kuka Kwamitin Sulhu. To, a nan gizo ke saƙar, domin ƙasashe biyar a kwamitin suna da ikon hawa kujerar naƙi.

Dubi Nikaraguwa. A 1986 kotun ta ce Amurka ta karya doka da ta dasa nakiyoyi a tashoshin jiragen ruwan ƙasar, ta kuma ɗaure wa 'yan tawayen Contra gindi. Nikaraguwa ta garzaya Kwamitin Sulhu, Amurka ta hau kujerar naƙi, magana ta mutu. Wallahi wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya har yau.

Amma kada ka ce dokar ba ta da amfani. A 2002 kotun ta ba Kamaru yankin Bakassi da suke taƙaddama a kansa da Najeriya. Najeriya ta fi ta sojoji da dukiya, amma Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, Kofi Annan na shaida, aka kammala miƙa yankin a Kalaba a watan Agustan 2008. Ba a yi yaƙi ba. Sai dai masuntan da aka haifa a can su suka biya kuɗin sabulu: wasu suka kwashe taru da kwalekwale suka bar gidajen kakanninsu, wasu suka zauna a matsayin baƙi.