Tambaya da Amsa: Me ya sa na ga taurari da kaina ya bugu?

Tambaya: Assalamu alaikum, don Allah satin da ya wuce na faɗo daga mashin ƙeyata ta daki ƙasa, take na ga wani haske kamar taurari suna yawo alhali rana tsaka ce. Ido ne ya samu matsala ko me?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Toh galibi ba ido bane, ƙwaƙwalwa ce. Ɓangaren da ke fassara mana gani can baya yake daidai ƙeya, ita kuma ƙwaƙwalwa laushi gareta, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai, in kai ya bugu sai ta girgiza ta daki ƙashi, ƙwayoyin jijiya su matsu wasu su miƙe, sai su saki saƙon lantarki ba tare da wani haske ya shiga ido ba, kuma duk saƙon da ya fito daga wurin nan ita haske take ɗaukarsa. Ka rufe ido ka ɗan danna gefensa a hankali da yatsa, za ka ga wani zobe na haske, kusan abu ɗaya ne.

Abin da ke burge ni shine ƙwayoyin nan suna da wasu ƙananan ƙofofi a jikin fatarsu da matsi kawai ke buɗe su, da an danna sai sinadarai irin su kalsiyam su kwarara ciki. A 2010 ne wani masanin kimiyya, Ardem Patapoutian, haifaffen Beirut, da abokan aikinsa a cibiyar Scripps ta Kalifoniya suka gano biyu daga ciki, Piezo1 da Piezo2, har ya samu kyautar Nobel a 2021 tare da wani masanin, David Julius. Piezo2 ɗin da ita kake jin an taɓa ka.

Amma don Allah kar ka ce ai ba ciwo shikenan, naman ƙwaƙwalwa shi kansa baya jin zafi, shi yasa har tiyata ake yi mata mutum na farke. In kana amai, ko bacci mai nauyi, ko mantuwa, ko ciwon kai da ke ƙaruwa, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, maza asibiti a yi hoton kai. Kuma ka nemi hular kwano kafin ka sake hawa mashin ɗin nan.