Amsa Ga Ƙanena Mai Shirin Zuwa Karatu Landan

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma tambayarka ita ce wadda 'yan uwa da dama suka riga ka yi mini: idan gida suka haɗa maka kuɗin makaranta da na jirgi, shin aikin da za ka samu a nan zai ɗauki nauyin ci da sha da wurin kwana? A Landan ba zai ɗauka ba, kuma gara ka ji haka daga bakina tun kana Kano da ka gane wa idonka a tsakiyar hunturu.

Ga lissafin. Bizar ɗalibi ba ta yarda ka wuce sa'o'i 20 na aiki a mako ba muddin ana cikin zangon karatu, kuma mafi ƙarancin ladan da doka ta tsayar a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a sa'a ga wanda ya kai shekara 21. Wato kusan fam 244 a mako, fam dubu da ɗoriya a wata, shi ma sai idan ka samu aikin da wuri kuma an cika maka sa'o'in, abin da ba kullum yake faruwa ba. Ɗaki guda kuwa, a gidan da za ka yi tarayya da baƙi a kicin da banɗaki, hayarsa tana kusantar fam 1,000 a unguwanni da yawa. Idan ka fita can Barking ko Woolwich za ka samu sauƙi, amma kuɗin jirgin ƙasa zai karɓe wani ɓangare na abin da ka rage. Aikin da kake dogaro da shi ɗaki kawai zai biya, kafin ka sa loma a baki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonka shi ne cewar da ka yi wani zai ara maka kuɗi a nuna a banki, bayan biza ta fito a mayar masa. A farkon 2025 gwamnatin Birtaniya ta ɗaga abin da ɗalibin Landan zai nuna zuwa fam 1,483 a kowane wata har na wata 9, kuma sai kuɗin sun kwana 28 a asusu. Mutanenmu suna ɗaukar wannan adadi a matsayin shingen da ake tsallakewa da dabara, alhali kuwa shi ne abin da za ka kashe, kuma ko shi ɗin da ƙyar yake kaiwa. Na ga yara masu ƙoƙari da suka zo ta wannan hanya, suka ƙare suna kwana a falon mutane, suna aikin dare a asirce fiye da sa'o'in da aka halatta musu, suna zuwa aji idanu jajur, alhali sun san kama su ɗaya ya isa a soke bizar. Kada ka manta kuma da harajin lafiya na fam 776 a kowace shekara, wanda ake biya gaba ɗaya tun wajen neman biza, kuma duk da shi za ka biya kuɗin magani da na likitan haƙori.

Neman ɗakin kansa ya fi biyan hayar ciwo. Lokacin da na zo, masu gidaje sun riƙa tambayata wanda zai tsaya mini, mazaunin ƙasar mai albashi, ni kuwa ban san kowa ba. Wani dillali ya kalli takarduna ya ce sai dai in biya hayar watanni da yawa a dunƙule, ban da kuɗin ajiya, wanda doka ta yarda ya kai hayar mako 5. Ban manta da yadda aka riƙa rufe mini ƙofa ba, ni da na baro gida da mutuncina da aikina.

Abinci bai kai haka tsanani ba ga mai girki da hannunsa. Shagunan Lidl da Aldi suna da sauƙi, naman halal yana samuwa a Whitechapel da Green Street, doya da manja da garin tuwo kuma suna Peckham, sai dai da tsada. A 2025 kuɗin bas fam 1.75 ne, kuma ba a karɓar tsabar kuɗi. Abin da babu wanda ya faɗa mini shi ne kuɗin ɗumama ɗaki: a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sanyi yana ratsa bango, mitar gas kuma tana ta gudu, har mutum ya zauna yana auna ko ya kunna ko ya ƙara bargo.

Kada ka yi lissafinka da naira. Tun da aka saki farashinta a Yunin 2023, fam ɗin da ake saya ƙasa da naira 600 a farashin gwamnati ya haura har ya kusanci 2,000 cikin shekara guda, kuma iyaye da yawa da suka tara abin da ya isa sun wayi gari ya zama bai kai rabi ba.

Akwai kuma nauyin da zai biyo ka daga gida, kuma a nan zuciyata ba ta huce ba. Da zarar ka sauka, wannan zai kira saboda suna, wancan saboda biki, kowa yana juya fam zuwa naira a ransa, babu mai tambayar nawa ka biya haya. An kira ni marowaci a lokacin da nake tafiya aiki a ƙasa don in tsira da kuɗin bas. Na gama karatuna ba tare da bashin kowa a wuyana ba, na samu aikin da nake alfahari da shi, amma da haƙurin jin irin waɗannan maganganu aka kai ga haka. Ka faɗa wa Baba da Inna tun yanzu cewa shekarar farko ba za ka aiko da komai ba.

Idan zuwan ya zama dole, ka duba jami'o'in Sheffield ko Bradford ko Leicester, inda haya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma abin da aka nemi ɗalibi ya nuna a wajen Landan a farkon 2025 fam 1,136 ne a wata. Ka rubuto mini ainihin abin da ke hannunka, ban da na aro, mu zauna a waya mu lissafa tare kafin ka biya wa kowace makaranta ko sisi. Ka gaida mini su Inna.